Gidan Hutun Yarima Walidu: Yadda Aka Gano Zanen Bangon Ƙusair Amra, Aka Kuma Gyara Shi

Jawabi don wayar da kan jama'a game da adana kayan tarihi



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne gyaran tsofaffin gine-gine da adon da ke jikin bangonsu. Maimakon in jero muku dokoki da ƙa'idodi, na ga ya fi amfani in ɗauki gida guda ɗaya in ba ku tarihinsa tun daga gininsa har zuwa gyaransa, domin kusan duk abin da kan sami tsohon bango, na alheri da na ɓarna, ya sami bangon wannan gida. Gidan yana ƙasar Jodan, wadda Larabawa ke kira Urdun, sunansa kuwa Ƙusair Amra. Abin da nake roƙo ku riƙe daga labarinsa shi ne, tsohon bango shaida ne, kuma mai gyara in ya yi gaggawa yana iya kashe wannan shaida kamar yadda mai ɓarna yake kashe ta.

Gidan da wurin da yake

Ƙusair Amra yana cikin hamada, kimanin kilomita 85 gabas da Amman, babban birnin ƙasar, a bakin wani kwari wanda ruwa ke bi in an yi sama. Ma'anar ƙusair da Larabci ita ce ɗan ƙaramin gidan sarauta. An gina shi a zamanin Banu Umayya, waɗanda suka riƙe halifanci daga birnin Dimashƙa tun daga shekarar 661 har zuwa 750 Miladiyya. Halifofin nan da 'ya'yansu sun saba gina gidaje a bakin hamada, inda sukan fita su huta da hayaniyar birni, su yi farauta, su kuma gana da shugabannin ƙabilun Larabawa waɗanda mulkinsu ya dogara da goyon bayansu. Wanda ya san gidajen da sarakunan Kano suke da su a Fanisau da Dorayi zai fahimci irin gidan da ake nufi.

Ginin na dutse ne, kuma ba shi da girma ƙwarai. Akwai zauren karɓar baƙi, wanda bakuna biyu suka raba shi kashi uku, kowane kashi da rufinsa mai lanƙwasa kamar rabin ganga. A ƙuryar zauren akwai ɗan lungu inda mai gida yake zama. Daga zauren sai a shiga gidan wanka mai ɗaki uku, ɗakin tuɓe tufafi, da ɗaki mai ɗumi, da ɗaki mai zafi wanda aka rufe da ƙubba. Wuta ake hurawa a waje, zafinta ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya ɗumama ɗakunan. A gaban gidan akwai rijiya mai zurfi, wadda dabba ke zagayawa tana juya keken da ke jawo ruwa zuwa matara. Sauran gine-ginen da ke kusa da shi duk sun rushe, sai tushensu kurum.

Wanda ya hango gidan daga waje ba zai ga abin a zo a gani ba. Darajarsa tana ciki, domin bango da rufi duka a lulluɓe suke da zane mai launi, wanda faɗinsa ya haura murabba'in mita 300. Babu wani gini na farkon zamanin Musulunci da ya iso gare mu da zanen bango mai yawan wannan.

Abin da aka zana

A bango guda an zana farauta, mahaya da karnuka suna koro jakunan jeji zuwa cikin raga. A wani rufin an yi ɗakuna-ɗakuna na zane, kowanne yana nuna mai sana'a a bakin aikinsa: mai fasa dutse, da mai sassaƙa shi, da raƙumin da ke ɗauko shi, da maƙeri, da kafinta, da mai kwaɓa ƙasa. Watau maginan gidan sun bar mana siffar yadda aka gina shi. Akwai makaɗa da masu rawa, akwai 'yan kokawa, akwai kuma siffofin mutane a wurin wanka. A cikin ƙubbar ɗaki mai zafi an zana sararin sama da burujai da gungun taurari, kuma wannan yana cikin mafi tsufan zanen sama da aka yi a kan ƙubba wanda ya wanzu har yau. Masana taurari sun lura an jera taurarin a juye, alamar mai zanen ya kwaikwayo su ne daga wata taswira da ke gabansa.

Zanen da ya fi shahara shi ne na sarakuna shida, suna tsaye sahu biyu, uku gaba uku baya, an rubuta sunayensu a samansu da Larabci da kuma Girkanci. Huɗu daga cikin sunayen sun karantu: Kaisar sarkin Rum, da Kisra sarkin Farisa, da Najashi sarkin Habasha, da Luzariƙ sarkin Andalus, wanda rundunar Ɗariƙu ɗan Ziyadu ta ci da yaƙi a shekarar 711. Sunayen sauran biyun sun goge.

Ya kamata in bayyana yadda ake irin wannan zane, domin a nan ne za a gane dalilin daɗewarsa da kuma dalilin lalacewarsa. Mai zane yakan shafe bango da kwaɓin yashi da farar ƙasa, irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse, sa'an nan ya ɗora launi tun shafen yana ɗanye. Yayin da shafen ke bushewa, iska tana mai da shi dutse kamar yadda yake tun asali, launin kuma ya kama a cikinsa, ya zama jiki ɗaya da bango. Amma akwai ƙananan layuka da rubutu da akan ƙara bayan shafe ya bushe. Waɗannan a fatar bango kawai suke zaune, su ne kuwa suke fara tafiya in aka wanke bango da ƙarfi.

Yadda aka manta da gidan

Daular Banu Umayya ta faɗi a shekarar 750, Abbasiyawa suka karɓi mulki, suka mai da cibiyar daula Iraƙi. Gidajen hamadar Sham suka rasa masu su. Shekara fiye da 1,100 Ƙusair Amra yana tsaye babu mai kula da shi. Busasshiyar iskar hamada ta taimaka wajen tsare zanen, amma makiyaya da matafiya sun riƙa fakewa a ciki, suna hura wuta don ɗumi da dafuwa, har kunkunniya ta rufe bango da rufi. Waɗansu sun kankare bango sun rubuta sunayensu da tambarin ƙabilarsu. Tsuntsaye suna shiga ta tagogi, ruwan sama kuma yana tsattsafowa ta inda rufi ya tsage.

Idan an ce an gano gidan, to, a fahimta cewa mutanen hamadar ba su taɓa ɓatar da shi ba. Masana ne ba su da labarinsa. Wanda ya kai musu labarin shi ne Alois Musil, wani limamin Kirista masanin Larabci, mutumin ƙasar Cek wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Ostiriya. Larabawan ƙabilar Bani Sahar ne suka kai shi wurin a shekarar 1898. Bai daɗe da shiga ba aka kawo wa ayarinsu hari, dole suka gudu. Da ya koma gida ya ba da labarin wani gida a tsakiyar hamada cike da zanen mutane, masana da yawa ba su gaskata shi ba. Sai ya sake komawa a 1900 ya ɗauko hotuna, gani ya kori ji. A 1901 ya koma tare da wani mai zane, Alphons Mielich, domin ya kwafi abin da ke bangon. An buga sakamakon aikinsu a 1907 cikin manyan littattafai guda biyu.

Garin neman gira

A wannan tafiya ta 1901 ne aka yi wa zanen ɓarna ta farko da sunan ilmi. Mielich yana so ya ga abin da kunkunniya ta rufe, lokaci kuwa ya ƙure masa, sai ya wanke bangon da magunguna masu ƙarfi. Baƙin ya fita, ya ga abin da yake so ya gani, ya kwafa. Amma maganin ya ci launi, har zanen sarakuna shida ya dusashe ƙwarai. Bugu da ƙari, ya ɓamɓare waɗansu ɓangarori na shafen ya tafi da su Turai, suna nan yau a gidan adana kayan fasahar Musulunci na birnin Balin a Jamus. Wutar makiyaya ta shekara dubu rufe zanen kawai ta yi, yana nan a ƙarƙashinta. Wankin 'yan kwanaki shi ne ya tafi da abin da ba ya dawowa.

Gyara na biyu ya zo ne tsakanin 1971 da 1974, sa'ad da wata tawaga daga ƙasar Sifen, ƙarƙashin jagorancin Martin Almagro, ta yi aiki a wurin. Lalle mutanen nan sun cancanci yabo, domin sun ƙarfafa ginin, sun liƙe tsage-tsage, sun kuma cire kunkunniya mai yawa. Amma sun yi abu biyu bisa al'adar masu gyara na wancan zamani, waɗanda daga baya suka zama matsala. Na farko, inda zane ya dusashe sun bi shi da sabon layi da sabon launi domin ya fito fili, ta haka hannun mai gyara ya gauraya da hannun mai zane na asali. Na biyu, sun shafe bangon da shelak, wani ƙaro mai sheƙi wanda ake samu daga jikin wani ƙwaro a Indiya da maƙwabtanta, irin wanda kafintoci ke shafa wa katako. Nufinsu ya tsare launin. Da shekaru suka tura, ƙaron ya rine ya koma rawaya mai duhu, ya kama ƙura, ya hana bango numfashi, sa'an nan zafin rana da sanyin dare suka sa ya fara tsattsagewa yana ɓarewa tare da launin da ke ƙarƙashinsa.

A 1985 Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa gidan cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Daga 1989 kuma masanan Faransa da na Jodan, Claude Vibert-Guigue da Ghazi Bisheh, suka ɗauki wata hanya dabam. Ba su wanke kome ba, ba su ƙara kome ba. Farar leda mai nuna abin da ke bayanta suka riƙa shimfiɗawa a jikin bango, suna bin kowane layi da kowane tabo da alƙalami, daidai girmansa. Aikin ya ci shekaru, aka buga shi a 2007. Wannan shi ya zama ma'aunin da masu gyara na baya suka dogara da shi.

Gyaran haƙuri

A 2008 wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Amurka, mai suna World Monuments Fund, wadda ke tara kuɗi don ceton gine-ginen tarihi, ta sa Ƙusair Amra cikin wuraren da ke cikin haɗari. A 2010 aka fara sabon aiki, da haɗin gwiwar ƙungiyar, da Sashen Kayan Tarihi na Jodan, da babbar cibiyar gyaran kayan tarihi ta gwamnatin Italiya da ke birnin Roma.

Ba da zane suka fara ba. Sun fara da hana ruwa shiga, suka gyara rufi da bangon waje da kwaɓin farar ƙasa irin na asali, suka sa wa tagogi kariya. Sun auna zafi da laimar ɗakunan, sun ɗebi ɗan ƙwarzanen launi sun kai ɗakin bincike domin su san abin da aka haɗa shi da shi. Sai bayan haka suka shiga cire shelak da ƙarin launin da aka yi a baya, da magani mai sauƙi wanda aka fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan, da auduga, da 'yar wuƙa irin ta likita, taki bayan taki. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Bangon da aka saba gani ruwan ƙasa ashe shuɗi ne mai haske, da ja, da ruwan lemo. Binciken launi ya nuna akwai shuɗin lazawardi a ciki, wani dutse mai tsada wanda mahaƙarsa ta daɗe da shahara a ƙasar Afganistan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna arzikin mai gidan da nisan hanyoyin cinikin zamaninsa.

Tun daga 1907 masana suke gardama a kan wanda ya gina gidan. Tun da akwai siffar Luzariƙ, wanda mulkinsa ya ƙare a 711, da yawa sun ce Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ne, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, a zamaninsa kuma aka ci Andalus. Waɗansu suka ce ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo bayansa ne. A shekarar 2012, masu gyara suna share saman wata taga a bangon kudu na sashen yamma na zauren, sai rubutun Larabci irin na Kufa ya bayyana. Addu'a ce, ana roƙon Allah ya kyautata Walidu ɗan Yazidu kamar yadda ya kyautata salihan bayinsa. Ba a haɗa sunan da laƙabin halifa ba. Wannan ya nuna an yi zanen tun Walidu yana yarima mai jiran gado, a zamanin baffansa Halifa Hisham, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743, watau Hijira 105 zuwa 125. Walidu ya hau gadon a 743, aka kashe shi a 744.

Jama'a, a duba wannan da kyau. Gardamar da ta shekara 105 a cikin littattafai, amsarta tana rubuce a jikin bango tun farko, datti da ƙaro suka rufe ta. Da an wanke wannan wuri da irin maganin 1901, da sunan ya tafi har abada, da kuma har yau ana jingina gidan ga wanda ba shi ya gina shi ba.

Ƙa'idodin aikin

Daga irin waɗannan abubuwa ne masu wannan sana'a suka fitar da ƙa'idodinsu, waɗanda aka tattara da yawansu a wata yarjejeniya da aka yi a birnin Benis na Italiya a 1964. Ga su a taƙaice. A rubuta, a zana, a ɗauki hoton abu kafin a taɓa shi. A fara da maganin abin da ke kawo lalacewa, musamman ruwa. Kada a sa wa bango abin da ba za a iya cire shi gobe ba, domin na baya suna iya fin mu sani. Inda zane ya ɓace, mai gyara ya tsaya a inda saninsa ya tsaya, kada ya cike da zato. In kuwa dole a cike gurbi, a yi shi yadda za a iya bambanta sabo da tsoho. Cibiyar nan ta Roma ta shahara da wata dabara a kan haka, watau cike gurbi da siraran layuka a tsaye, daga nesa ido ya ga zane cikakke, daga kusa kuwa kowa ya gane inda mai gyara ya sa hannu.

Wata tambaya

Na san akwai mai cewa a ransa, me ya sa za a kashe kuɗi a kan siffofin mutane da dabbobi, har da na masu rawa da masu wanka, alhali an san matsayin malamai game da sura? Tambaya ce mai kyau. Banu Umayya da kansu sun bambanta ɗakin ibada da gidan hutu. A Ƙubbatus Sahra da ke Ƙudus da babban masallacin Dimashƙa, waɗanda su suka gina, adon bango rubutu ne da itatuwa da gidaje da koguna, babu mutum babu dabba. Malaman tarihi na Musulunci kuma ba su ɓoye halin Walidu ɗan Yazidu ba. Sun rubuta cewa gwanin waƙa ne, mai son farauta da shagali, kuma zargin da aka yi masa a kan haka yana cikin abin da 'yan'uwansa suka kafa hujja da shi suka tayar masa. Adana bangon gidansa ba yabon halinsa ba ne. Ajiye shaida ne, domin mai karanta tarihi ya gwada abin da aka rubuta da abin da aka gina, ya ga tufafin mutanen, da kayan aikinsu, da iliminsu na taurari, ya kuma ga irin rayuwar da wannan gidan sarauta yake ciki 'yan shekaru kafin faɗuwarsa. Wanda ya goge bangon ya goge wa'azin da ke cikinsa.

Abin da ya rage gare mu

A ƙasarmu ma akwai bango mai ɗauke da shaida: adon magina a fadoji da zaurukan tsofaffin gidaje, da aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, da zanen da mutanen da suka bari a duwatsun Birnin Kudu. Doka mai lamba 77 ta shekarar 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba tare da izini ba. Amma ma'aikacin hukuma ba ya kwana a kowane gida. Mai gida da dagaci da mai unguwa su ne masu tsaro na farko.

Saboda haka, wanda ya tarar da tsohon zane ko rubutu a bango, ko a ƙarƙashin shafe yayin gyaran gida, ya dakatar da aiki a wurin. Kada ya wanke, kada ya kankare, kada ya bi shi da fenti domin ya yi kyau. Kada a yaɓa wa ginin ƙasa siminti, domin siminti yana tsare laima a ciki har bango ya ruɓe, a nemi maginan da suka san makuba da laso. A gyara rufi da indararo kafin damina. A hana hura wuta da rubuta sunaye a wurin. A ɗauki hoto, sa'an nan a sanar da hakimi da gidan tarihi mafi kusa. Jinkirin wata guda ba zai kashe abin da ya shekara ɗari ba, amma wankin yini guda yana iya kashe shi.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.